Wane ne a cikin rigar dodo?

Duk wanda ya tashi da jin tatsuniya a bakin kaka ya san ba a siffanta dodo daga kai har ƙafa. A ce maka ƙato ne, yana da gashi, yana jin warin mutum, shi ke nan. Sauran kai za ka ƙarasa a ranka, kuma abin da ka ƙarasa ɗin shi ke hana ka fita fitsari da dare. Mai shirya fim ba shi da wannan gata, domin kyamara sai an ajiye mata abu a gabanta. Shi ya sa finafinan ban tsoro na ƙagen kimiyya, irin waɗanda halitta ke faɗowa daga wata duniya ta shiga cin mutane, suke tashi ko su faɗi a kan abu biyu: siffar da aka ba dodon, da mutanen da aka zaɓa, har da wanda aka cusa a cikin rigar.

Fim ɗin Alien na 1979, wanda Ridley Scott ya ba da umarni, shi ne ma'aunin da har yau ake gwada sauran da shi. Marubucinsa, Dan O'Bannon, shi ya nuna wa Scott zane-zanen wani mutumin Suwizalan mai suna H. R. Giger, Scott kuwa ya tsaya a kan guda ɗaya, Necronom IV, na 1976. Daga nan aka samo wannan kai dogo sumul mai kama da jallo, da haƙarƙari a waje, da bututai a gadon baya kamar na inji, da ƙaramin baki da ke fitowa daga cikin babban baki. Abin da ya fi duka aiki shi ne abin da Giger ya cire: bai ba shi ido ba. Kare ko kura, in ka dubi idonsu ka san inda hankalinsu yake. Wannan kuwa ba ka san ko kai yake kallo ba, ko ya riga ya gama da kai a ransa.

Kayan aikin ma ba na tsafta ba ne. Ƙoƙon kan mutum na gaske aka sa a gaban kan dodon, ƙarƙashin wata rufa mai sheƙi. Cikin ƙwan da halittar ke fitowa an cusa tumbin saniya, ita kuma ƙaramar halittar da ke maƙale wa mutum a fuska, da aka zo feɗe ta, naman kawa ne da ƙodar tunkiya aka jera. Wani Ba'italiye, Carlo Rambaldi, ya ƙera kan da ke motsi, mai sassa kusan 900. Abin da aka ɗebo daga mahauta yana da danshi da nauyin da roba ba ta da shi, kuma mai kallo yana jin haka a jikinsa ko bai san dalili ba.

To, wa zai saka rigar? Scott ya san da zarar mai kallo ya gane mutum ne a ciki, tsoro ya ƙare, sai dariya. Ana cikin wannan neman ne aka yi kiciɓis da wani ɗan Najeriya a wata mashaya a unguwar Soho ta Landan. Sunansa Bolaji Badejo, haifaffen Legas, ɗalibi mai koyon zane, bai taɓa yin fim ba. Tsawonsa ƙafa 6 da inci 10, ga shi siriri, hannuwa da ƙafafu zara-zara, irin jikin da in an rufe shi sai ka ce ba mutum da zai iya shiga nan. Aka tura shi koyon tai chi da wasan kwaikwayon da ake yi ba magana, don ya iya motsi a hankali kamar ƙoƙi-ƙoƙi. Jelar rigar ba ta barinsa ya zauna, sai da aka ɗaura masa wani lilo yake hutawa a kai. Duk da wannan wahala, Scott bai nuna shi ba sai na mintuna kaɗan, yawanci cikin duhu da hayaƙi, yanzu ka ga hannu, anjima ka ga baki yana dalalar da miyau. Wato dai ya koma ga dabarar kaka.

Ɗaya ɓangaren shi ne waɗanda za a ci. Mutum bakwai ne a jirgin Nostromo, kuma ba jarumai ba ne, ma'aikatan jirgin dakon kaya ne. Dubi Yaphet Kotto da Harry Dean Stanton a matsayin Parker da Brett: suna cin abinci suna mitar an danne musu alawus, kamar direban tirela da yaronsa a tasha. Yawancinsu sun manyanta, fuskokinsu na gajiyayyu ne. O'Bannon ya rubuta cewa kowane matsayi mace ko namiji na iya hawa, aka ba Sigourney Weaver, 'yar shekara 28 da kusan ba a san ta a fim ba, matsayin Ripley. Mai kallo a 1979 ya zaci kyaftin, Tom Skerritt, shi zai kai ƙarshe. Sai ga shi dodo ya ɗauke shi a cikin bututun iska fim bai yi nisa sosai da rabi ba. Daga nan ba wanda kake da tabbacin zai tsira. Ko wurin da halittar ta fasa ƙirjin John Hurt ta fito, ba a faɗa wa 'yan wasan yawan jinin da zai fantsamo ba, don haka firgitar Veronica Cartwright ta gaske ce.

Predator na 1987 ya nuna abin da ke faruwa in an kuskure. Da farko Jean-Claude Van Damme aka sa a rigar, da tunanin dodo mai zafin nama. Rigar ta ƙi aiki a dajin Meziko, kuma a gaban Arnold Schwarzenegger da ƙartinsa dodon ya fito ƙarami. Aka dakatar da aiki, Stan Winston ya sake zane, ya ƙara waɗannan fiƙoƙi huɗu da ke buɗewa a baki, shawarar da James Cameron ya ba shi, aka kawo Kevin Peter Hall mai ƙafa 7 da inci 2. Lissafin a nan ya sha bamban da na Alien: tunda waɗanda ake farauta ƙarti ne, sai an samo wanda ya fi su.

Ba na cikin masu cewa duk dodon kwamfuta banza ne, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. A The Thing na John Carpenter, 1982, Rob Bottin yana ɗan shekara 22 ya haɗa halittunsa da roba da injina da ruwan yauƙi, kuma har yanzu suna tayar da tsigar jiki. Da aka yi wani The Thing a 2011, an ƙera halittun da hannu, sannan aka lulluɓe yawancinsu da zanen kwamfuta, suka fito ba nauyi, kamar ba su taka ƙasa. Alien: Romulus na 2024 ya haɗa darussan biyu a fim ɗaya. Halittar ƙarshensa mutum ne na gaske, Robert Bobroczkyi, ɗan ƙwallon kwando daga Romaniya mai ƙafa 7 da inci 7, kuma ita ce ta fi firgita mutane. Fuskar marigayi Ian Holm kuwa, ɗaya daga cikin 'yan wasan Alien na farko, da aka dawo da ita da taimakon kwamfuta bayan rasuwarsa a 2020, ita ta fi shan suka.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a wannan sana'a shi ne rabon yabo: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Giger da Rambaldi da abokan aikinsu sun karɓi kyautar Oscar a 1980, kuma sun cancanta. Weaver ta zama tauraruwa. Wanda ya sha zafi a cikin rigar kuwa, 'yan Najeriya nawa ne suka kalli fim ɗin nan suka san ɗan ƙasarsu ne ke bin mutane a lungunan Nostromo? Badejo bai sake yin wani fim ba. Ya koma Legas a 1980, ya buɗe gidan baje kolin zane-zane, cutar sikila ta yi ajalinsa a watan Disamba na 1992 yana da shekara 39. In ka sake kallon Alien, ka daure ka jira jerin sunaye na ƙarshe, za ka ga nasa a ciki.