Jan Lalle Daga Reshe Yake Farawa

Paraku da Jugu, a arewacin Jamhuriyar Benin, suna kan tsohuwar hanyar fataken goro, wadda ta taso daga Kano ta ratsa Bargu ta nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Har yau a zangunan garuruwan nan da ƙauyukan kewaye irin su Partago, ba a kai amarya ɗaki sai da ƙunshi. Kowa hannun mai zane yake yabo. Amma jan da ake gani a tafin amarya, tun watanni kafin biki aka tanade shi, a hannun wadda ta kula da itacen a bayan gida.

Ana iya shuka irin lalle, sai dai ƙwayar tana da taurin ɓawo, sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa. Masu abin sun fi son dashe. Idan damina ta zauna, sai a zaɓi reshen da ya ƙosa, mai kaurin ɗan yatsa, a yanke taƙi ɗaya da ɗoriya da wuƙa mai kaifi, a zage ganyen ƙasa, a soka rabinsa cikin ƙasa mai rairayi. Damina a Jugu ta fi ta Maraɗi ko Katsina nauyi, lalle kuwa ɗan zafi ne, ba ya son saiwarsa ta kwana cikin ruwa. Don haka akan yi masa ɗan tudu kusa da makwararar ruwan wanka, ba cikinta ba. Da damina ruwa ya zarce, da rani kuma danshin ya riƙe masa ganye shar, sa'ad da ciyawar gari duk ta bushe.

Wanda ya dasa ya juya baya zai samu itace da ya fi shi tsawo, mai ƙaya a bakin rassa, ganye jefi-jefi. Mai kula ba ta bari a kai nan. Takan sare shi ƙasa-ƙasa don ya yi sabon toho, domin ganyen toho ya fi ƙarfin rini, musamman wanda ya sha zafin rana bayan ɗaukewar ruwa. A Sojat ta ƙasar Indiya, inda ake noma lalle gona-gona ana fitarwa duniya, haka manoma ke girbe shi da lauje kusa da gindi.

Shanya ita ce ke raba gwana da mai gaggawa. A inuwa ake baza ganyen, kan tabarma, inda iska ke ratsawa, ana juyawa safe da yamma. Mai son jiki takan watsa shi kan rufin kwano, ya bushe a wuni ɗaya, ya koma launin taba, ƙarfinsa ya ragu. Tsohuwa takan ɗebi kaɗan ta murza a tafi, ta ce wa jikarta, "Duba nan, 'yar nan." Idan ya rugurguje kuma yana nan kore, ya yi. Daga nan sai turmi busasshe (ba wanda aka daka yaji ba, sai dai in ana son amarya ta kwana tana fifita hannu). A daka, a tankaɗe da rariya, a mayar da tsakin turmi, a sake tankaɗewa da ƙyalle mai laushi, har garin ya daina kartar yatsa.

A cikin ganyen akwai sinadarin da masana ke kira lawsone, wanda ke manne wa keratin, wato abin da saman fata da farce da gashi suka ginu da shi. Shi ya sa tafin hannu da tafin ƙafa, masu kaurin fata, suka fi kamawa. Sinadarin ba ya fita nan take. Sai an kwaɓa garin da ruwan ɗumi, an matsa lemun tsami, an rufe na sa'o'i. Kafin a fara, sai a ɗiga kaɗan a tafi. Idan an goge bayan 'yan mintuna aka ga tabo ruwan lemo, kwaɓin ya tsumu.

A da, mace kan zura hannunta cikin zunguru, doguwar ƙwaryar nan da ke riƙe ɗumi da laima. Yanzu salatif ake yankawa a fitar da zane, a shafa lallen da kauri, a ɗaure da leda. Da safe a kankare, a shafa man kaɗe, a ɗan nisanci sabulu. Launin kan ci gaba da nuna har kwana 2, ya tashi daga ruwan lemo zuwa ja mai duhu, ya yi mako 2 ko 3 kafin ya koɗe. Na farce kuwa sai farcen ya tsiro an yanke.

Dayis kuwa, baƙin rinin da wasu ke sawa maimakon lalle don yana kamawa cikin rabin sa'a, galibi yana ɗauke da sinadarin rinin gashi mai suna PPD, kuma yakan sa wa wasu ƙuraje da ƙuna. Garin lallen da ya rage kuma a kwalba mai murfi ake adana shi, a ɗaki mai duhu, domin haske da danshi suna cinye masa ƙarfi kafin biki na gaba.