Gidan Silima da Bakin Mai Kallo: Tsokaci daga Abuja

Manazarta fim a ƙasar nan sun fi karkata ga jigo da zubi da salo, sai ka ce fim littafi ne da mutum zai ƙule ɗaki ya karanta. Wannan maƙala tana ganin cewa wurin da aka zauna kallo ma yana da hannu a ma'anar da ake tashi da ita.

Tsofaffin gidajen silima na Kano, irin su Rex da aka buɗe a 1937, fili ne ba rufi, sai rana ta faɗi ake haska fim. 'Yan kallo, galibinsu maza, ba sa kame baki: su yi wa jarumi kirari, su ja masa kunne, su yi wa mugu eho. Ba sa jin Indiyanci, amma sun raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin, kamar yadda Brian Larkin ya kawo a 1997. Ke nan Hausar fim ɗin daga bakinsu take fitowa.

Abuja ba ta gaji wannan al'ada ba. A silimar Silverbird da ke Jabi ɗaki ne rufaffe mai sanyi, mata da maza a haɗe, kuɗin shiga kuma ya riga ya tace jama'a. Dariya ta halatta, amma wanda ya tanka wa jarumi sai a harare shi. Sharhin da a da ake yi da Hausa a bainar jama'a ya koma raɗa, ko saƙon waya, yawanci cikin Ingilishi.