Ƙoƙon Kai a Hannun Hirst da Orozco

Tun da daɗewa masu zane na Turai su ke sa ƙoƙon kan mutum cikin ayyukansu don tunatar da mai kallo mutuwa. A cikin 1533 Hans Holbein ya zana jakadu biyu cikin ado, sa'an nan ya shimfiɗa ƙoƙon kai a karkace ƙarƙashinsu, ba a gane shi sai an koma gefe guda. Watau sai mutum ya kau da ido daga dukiya kafin ya ga makomarsa. Da wannan ma'auni za mu auna ayyuka biyu na zamaninmu.

A cikin 2007 Damien Hirst, mutumin Ingila, ya nuna wani ƙoƙon kai a Landan. An zuba siffarsa da farin ƙarfen nan mai tsada, filatinam, aka lulluɓe shi da lu'ulu'u 8,601, aka dasa masa haƙoran mamacin na ainihi, aka sa masa kuɗi fam miliyan 50. Waɗansu masana sun ce ba'a ya ke yi wa kasuwar zane. Ko da haka ne, abin da mai kallo ya ke fara tambaya shi ne nawa a ke sayarwa. Holbein ya sa mutuwa ta ƙasƙantar da dukiya, Hirst kuwa ya bar dukiya ta rufe mutuwa.

Gabriel Orozco, mutumin Meziko, wata hanya ya bi a cikin 1997. Bayan ya yi jinyar huhu, ya ɗauki ƙoƙon kai na gaske, ya bi shi da fensir a hankali, yana zana murabba'ai baƙi da fari. Da layukan suka iso kwarmin ido da muƙamuƙi sai suka lanƙwashe, gama ƙashi ba ya bin tsarin da mutum ya shirya masa. Nan ma'anar ta ke: dabarar ɗan Adam tana da iyaka, mutuwa ce iyakar.

A ganinmu aikin Orozco ya fi nauyi. Malamin da zai koyar da wannan fanni ya kamata ya nuna wa ɗalibansa cewa ƙoƙon kai shi kaɗai ba ya wa'azi. Mutuwa rigar kowa ce, amma sai mai zane ya sa mai kallo ya tuna da tasa.