Kafin ka sayi GPS ta hannu: jerin "mafi kyau goma" ba don dajinmu aka rubuta shi ba

Idan ka taɓa neman shawara a intanet kan wace na'urar GPS za ka saya don shiga daji, yin zango ko hawa kwale-kwale, to ka san abin da ake samu: dogon jeri na "mafi kyau goma", wanda aka gwada a dazuzzukan Amurka da duwatsun Turai. A ɗaya gefen kuma akwai ra'ayin da ya fi yawo tsakanin matasa tun daga Gyadi-Gyadi har kasuwar waya ta Farm Centre, wato "ai wayarka ta isa". Duka biyun akwai gaskiya a cikinsu, amma duka biyun suna iya jefa ɗalibin da zai je aikin bincike a dajin Falgore, ko mai shiga faduman Haɗeja da Nguru, cikin asarar kuɗi ko ma ɓata hanya.

Bari mu fara da abin da masu ra'ayin waya suka yi daidai. GPS ba ta buƙatar data ko netwok. Taurarin ɗan adam na GPS, mallakar Amurka, suna shawagi kimanin kilomita 20,200 a sama, suna aiko da saƙon lokaci. Na'urarka sauraro kawai take yi. Da zarar ta ji taurari huɗu, sai ta lissafa inda kake. Wayar zamani tana jin GPS, da GLONASS na Rasha, da Galileo na Turai, da BeiDou na Sin. Abin da ke cin data shi ne taswira, ita kuma kana iya sauke ta tun a gida da manhaja irin su OsmAnd ko Organic Maps. Shaida ma tana kusa da mu: da wayoyi masu GPS aka riƙa bin sawun masu rigakafin shan inna a Arewacin Najeriya, don a gane ƙauyukan da aka tsallake.

To ina matsalar waya? Zafi da batir da ruwa. Kamfanin Apple da kansa ya ce an ƙera iPhone don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35. Kai kuwa ka san zafin Kano a watan Afrilu yakan kai 40. Waya ta ɗau zafi, allo ya dusashe, caji ya zube. Ita kuwa na'ura irin Garmin eTrex 10, wadda ta fito a 2011, da batir AA biyu take aiki na kusan awa 25, kuma hasken rana ƙara wa allonta fitowa yake yi. Batirin nan kuwa kusan duk mai tireda a ƙauye yana da shi. Wannan shi ne hujja mafi ƙarfi ta sayen na'ura ta daban, amma a jerin Turawa can ƙasa ake jefa shi, saboda su ba su san rashin wutar kwana uku ba.

Yanzu ga inda jerin nasu ke ɓatar da mu. Na farko, suna yabon WAAS, tsarin da ke gyara kuskuren sigina. WAAS na Arewacin Amurka ne, takwaransa EGNOS kuma na Turai. Gyaran da suke aikowa an auna shi ne daga tashoshin da ke can, don haka kada ka biya ko kwabo saboda wannan kalmar a jikin kwali.

Na biyu, taswirar da ke ciki. Na'urar da aka shigo da ita daga Amurka, musamman ta hannu, yawanci taswirar can ce a cikinta. Ka kunna ta a bakin madatsar ruwa ta Tiga, sai ka ga ɗigo a kan fili fayau. Kafin ka biya, ka sa a kunna maka, ka nemo Rano ko Tudun Wada ka gani. Idan babu, ka tabbata tana da gurbin memori ko wurin ajiya isasshe da za ka ɗora taswirar OpenStreetMap, wadda kyauta ce.

Na uku, kuma wannan ne ya fi damuna a matsayin mai bincike: ba sa maganar ma'aunin Minna. GPS tana ba da lambobinta a kan ma'aunin duniya na WGS84. Tsofaffin taswirorin Najeriya kuwa a kan ma'aunin Minna aka zana su. A yankin Kano bambancin ya kai kusan mita 80. Wato ka kashe kuɗi ka sayi na'urar da kuskurenta bai wuce mita 3 ba, sannan ka ɗora lambobinta a kan tsohuwar taswira, rijiyar da ka auna ta koma gonar wani. Laifin ba na na'ura ba ne. Ka duba ko tana ba ka damar sauya ma'auni, kuma ka riƙa rubuta wanda ka yi amfani da shi a littafinka.

Akwai kuma abin da suke yabo wanda a wurinmu ya fi ma amfani: na'ura mai jin zango biyu, L1 da L5, irin GPSMAP 65. Sigina yakan yi jinkiri idan ya ratsa ayonosfiya, wani sashe na sararin sama mai cike da caji. Najeriya tana kusa da ikwatar maganaɗisu, inda wannan sashe ya fi rikicewa, musamman bayan faɗuwar rana. Da zango biyu na'ura tana iya auna jinkirin ta cire shi. Sai dai fa a yi hankali, wasu wayoyi ma suna da wannan tun daga Xiaomi Mi 8 ta 2018. Kuma idan burinka kawai ka koma inda ka ajiye mota, bambancin mita biyu ba zai hana ka ganin motarka ba.

Masu shiga ruwa, ku lura da alamar IPX7. Ma'anarta na'ura za ta jure zurfin mita 1 na minti 30. Ba ta ce za ta taso sama ba. Ta suɓuce daga kwale-kwale a Tiga, ta tafi ke nan. Ko ka nemi mai tasowa irin GPSMAP 79, ko ka ɗaure ta da igiya a jikinka, wanda ya fi araha nesa ba kusa ba. A faduman Nguru, inda kacala ke toshe hanyoyin ruwa har ko'ina ya yi kama da ko'ina, abin da zai cece ka shi ne na'ura ta riƙa ajiye sawunka, ka bi shi ka dawo. Taswira ba ta san mashigar da ciyawa ta rufe bana ba.

Mai hawa duwatsun Riruwai kuma, kada ya gaskata tsayin da allo ya nuna ido rufe. Kuskuren GPS a tsayi ya fi na kwance. Na'urori irin eTrex 32x suna auna tsayi da nauyin iska, amma sauyin hektofaskal 1 daidai yake da kusan mita 8. Hadari ya taso, kana zaune wuri ɗaya, na'ura ta ce ka hau.

Abu na ƙarshe, kuma rai ne a ciki: GPS ta hannu ba ta gaya wa kowa inda kake. Sauraro take yi, ba ta aikawa. Masu aika saƙo ta tauraro, irin inReach, sai da kuɗin rajista. Saboda haka ka bar wa wani bayanin inda za ka da ranar dawowa, ka nemi izinin hukuma, ka tambayi halin tsaro, ka ɗauki ɗan gari ya yi maka jagora.

Hukuncina shi ne: tafiyar wuni guda, waya mai taswirar da aka sauke da fawa banki sun wadatar. Kwana biyu ko fiye a inda babu wuta, nemi mai batir AA, ko da mai baƙi da fari ce. Mai zango biyu kuwa, bar wa wanda lambobinsa za su shiga kundin bincike.