KIƊAN ARO DA HARSHEN GIDA: NAZARI A KAN WAƘOƘIN PANKIN TITI CIKIN FINLANCI

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce ta duba abin da yakan sami harshe idan aka ɗora shi a kan kiɗan da ba dominsa aka ƙirƙira ba. Misalin da aka ɗauka ya fito ne daga ƙasar Finlan, can arewacin Turai, inda tun daga 1978 matasa suka shiga rera waƙoƙin wani kiɗa mai zafi da ake kira pank cikin harshensu, watau Finlanci. Za a fi mai da hankali ga reshen wannan kiɗa da ake ce wa pankin titi, wanda su mutanen ƙasar suke kira katupunk, daga kalmar katu, watau titi.

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma hukuncin waƙa aikin mai nazari ne. Saboda haka ba a jingina wannan takarda ga abin da makaɗan suke faɗi game da kansu ba. Abin da aka sa a gaba shi ne waƙoƙin yadda suke a faifai, da tsarin harshen, da tarihin ƙasar. Tambayoyi biyu ake son amsawa. Ta farko, ta yaya harshen da kiɗan suka saje, kuma ina suka yi karo? Ta biyu, shin iƙirarin da wannan kiɗa yake yi na cewa shi ne muryar talakan titi ya tabbata a Finlan?

2.0 ASALIN PANKIN TITI

Kiɗan pank ya bayyana a biranen New York da Landan wajen 1976. Kayansa kaɗan ne: jitar lantarki, da babbar jita mai kaurin sauti, da ganguna, sai mawaƙi. Waƙa ba ta cika wuce minti biyu ko uku ba, kuma aƙidar masu yinsa ita ce kowa yana iya hawa dandali ko da bai ƙware ba. Kafin ƙarshen shekarun 1970 sai wani reshe ya tsiro a Ingila a hannun 'ya'yan ma'aikata, irin ƙungiyoyin Sham 69 da Cock Sparrer da Cockney Rejects. Ɗan jaridar nan Garry Bushell na mujallar Sounds shi ya yayata sunan Oi! ga wannan reshe wajen 1980.

Alamominsa uku ne. Saurin kiɗan matsakaici ne. Amshi gajere ne, ana yinsa da murya ɗaya kamar yadda 'yan kallon ƙwallo suke yi a filin wasa. Sa'an nan mawaƙi yana waƙa da karin harshen unguwarsu, da gangan, ba ya kwaikwayon furucin Amurka ko na masu ilmi. Wannan alama ta uku ita ce ginshiƙin maganarmu, domin tana nuna cewa harshen gida yana cikin sharuɗɗan kiɗan tun daga tushe. Bisa ga haka, yaron Helsinki da ya rera pankin titi da Turancin gabashin Landan ya kwaikwayi sautin, amma ya saɓa wa ƙa'idar. Idan yana son ya cika ƙa'idar, dole ya bar harshen waɗanda ya koya daga gare su.

3.0 YADDA KIƊAN YA SHIGA FINLAN

Finlanci harshe ne na mutum kamar miliyan biyar. Ba ya cikin dangin Turanci ko Rashanci. 'Yan uwansa su ne harshen Istoniya, da kuma na Hangari daga nesa. Ƙasar ta zauna ƙarƙashin Suwidin har 1809, sa'an nan ƙarƙashin Rasha har ta sami 'yancin kai a 1917, kuma an daɗe harshen Suwidin ne na mulki da ilmi. Don haka zaɓen harshe a wurinsu magana ce mai tarihi.

Kafin pank, makaɗan zamani sun kasu biyu. Akwai irin su Hurriganes, waɗanda suka yi suna a 1974 da waƙoƙi cikin wani Turanci na jeka-na-yi-ka wanda sautinsa ya fi ma'anarsa muhimmanci. Akwai kuma irin su Juice Leskinen da Hector da Dave Lindholm, waɗanda suka nuna cewa ana iya yin kiɗan zamani da Finlanci.

A watan Mayu na 1977 ƙungiyar Ramones ta Amurka ta yi wasa a Helsinki da Tampere. A wannan shekara ce ƙungiyar Briard ta fitar da faifan da ake ɗauka shi ne na pank na farko a ƙasar, kuma da Turanci aka yi shi. A watan Janairu na 1978 hukuma ta hana ƙungiyar Sex Pistols izinin yin wasa a Helsinki, abin da ya ƙara wa kiɗan farin jini a idon matasa. Cikin wannan shekara ta 1978 lamarin ya juya: Eppu Normaali daga Ylöjärvi da Pelle Miljoona suka fitar da manyan fayafayensu na farko da Finlanci, kamfanin Love Records kuma ya tattara sababbin ƙungiyoyi a faifan Pohjalla. Daga nan Finlanci ya zama harshen da aka saba ji a wannan fage. A 1979 matasa suka mamaye wani tsohon sito a Helsinki da ake kira Lepakko, wanda a da masaukin marasa galihu ne, ya zama dandalin kiɗa har aka rushe shi a 1999.

Zango na biyu ya zo tsakanin 1980 da 1983, da ƙungiyoyi masu tsananin sauri irin su Terveet Kädet daga Tornio, da Kaaos da Riistetyt daga Tampere, da Rattus daga Vilppula. Ƙungiyar Lama ta Helsinki, wadda babban faifanta ya fito a 1982, ta tsaya tsakanin wannan sauri da salon amshi na titi. Sunayen kansu abin lura ne: Kaaos hargitsi ke nan, Lama karayar tattalin arziki, Riistetyt kuwa waɗanda aka ci da guminsu, watau daidai da ma'anar sunan The Exploited ta Edinburgh. Ko a wajen raɗa suna, an ari tunani, an tufatar da shi da harshen gida.

4.0 INDA HARSHE DA KIƊA SUKA HAƊU

4.1 Ƙarfin furuci

A Finlanci ƙarfin furuci kullum a kan gaɓar farko ta kalma yake sauka. Har ila yau harshen ba shi da ƙananan kalmomin nan marasa ƙarfi da Turanci yake sawa gaban suna, domin yawancin aikinsu ɗafa-ƙeya ne yake yi. Sakamakon haka shi ne layin waƙa yakan fara da duka, ya faɗa daidai kan bugun ganga na farko. Kiɗan da aka gina a kan bugu madaidaici, marar lanƙwasa, ya sami harshen da yake tafiya da irin takunsa. Wannan faɗowa daga ƙarfi zuwa sauƙi ita ce kuma ma'aunin tsofaffin waƙoƙin baka da Elias Lönnrot ya tattara a Kalevala a 1835. Ba ana cewa makaɗan pank sun koyi da waɗannan waƙoƙi ba ne. Abin da ake nufi shi ne rijiya ɗaya suka ɗebo, watau ɗabi'ar harshen. A ƙara da wannan cewa ra ɗin Finlanci mai karkarwa ce, kuma yawancin kalmomi da wasali suke ƙarewa, abin da yake ba taron 'yan amshi damar buɗe baki su ja murya.

4.2 Tsawon kalma

A nan ne aka fara karo. Amshin pankin titi na Ingila ya dogara ga kalmomi masu gaɓa ɗaya, waɗanda Turanci yake da su jingim. Finlanci kuwa harshe ne mai jera ɗafe bisa ɗafe. Alal misali talo gida ne, talossa cikin gida, taloissamme cikin gidajenmu. Kalmomin da jigon kiɗan yake bukata su ma dogaye ne: yhteiskunta, watau al'umma, da järjestelmä, watau tsarin mulki, kowace gaɓa huɗu. Mafitar da mawaƙa suka samu ita ce su bar daidaitaccen harshen littafi su koma ga na baka, inda minä, watau ni, take zama mä, minun, watau nawa, take zama mun, minä olen kuma ta dunƙule ta zama mä oon. Sara ma ta shigo, kamar kyttä a madadin poliisi, watau ɗan sanda. To, a nan larurar ma'auni da aƙidar kiɗan suka haɗu a wuri guda: abin da ya gajarta layi shi ne kuma ya kusantar da shi ga bakin talaka. A ganina wannan ita ce babbar nasarar wannan fage.

4.3 Tsawon wasali da shadda

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga mai nazarin Hausa. Kamar yadda tsawon wasali yake raba gari na zama da gari na tuwo, shadda kuma take raba mana da manna, haka Finlanci yake raba tuli, wuta, da tuuli, iska, da tulli, kwastan. Haka kuma tapaan na nufin ina saduwa da, tapan kuwa ina kashewa. Idan sauri ya yi yawa, aka koma ihu, wannan bambanci yakan narke. A yawancin fayafayen masu tsananin sauri na 1982 murya ta zama kamar wata ganga, sai mai sauraro ya nemi rubutattun baitoci kafin ya san abin da aka ce. Pankin titi, saboda matsakaicin saurinsa da kuma bukatar jama'a su karɓi amshi, ya tilasta wa mawaƙi ya ba doguwar gaɓa haƙƙinta. Ta wannan fuska ya fi ɗan uwansa riƙon amanar harshe.

4.4 Amsa-amo

Tun da ɗafa-ƙeya iri ɗaya yana iya hawa kowane suna, samun amsa-amo a Finlanci abu ne mai arha: a jera kalmomi masu ƙarewa da -ssa ko -lla, shi ke nan. Raunanan waƙoƙin titi sun cika faɗawa wannan rami. Masu kyau daga ciki sukan rage dogaro da amsa-amon ƙarshe, su jingina ga maimaita jimla da maimaita baƙin farko.

5.0 JIGO: ƘARFI DA RAUNI

Titin da aka haifi wannan kiɗa a kansa na Landan ne, mai tsohon tarihin rabuwar ma'aikata da masu hali. Finlan ta shekarun 1970 daban take: ƙasa ce mai yawan daji da ƙarancin mutane, wadda dubban ɗaruruwan 'ya'yanta suka bar karkara zuwa sababbin unguwannin siminti a gefen birane, ko zuwa masana'antun Suwidin. Shugaba Urho Kekkonen yana kan mulki tun 1956, ƙasar kuma tana taka-tsantsan da maƙwabciyarta Tarayyar Sobiyet bisa yarjejeniyar 1948. Ƙungiyoyi da dama ba daga birni suka fito ba; Ratsia, alal misali, daga Pihtipudas take, wani ƙaramin gari a tsakiyar ƙasar. Saboda haka waƙoƙin da suka yi rai su ne waɗanda suka kalli abin da ke gabansu: kaɗaicin ƙauye, da zaman banza, da aikin soja na dole, da tsoron yaƙin nukiliya, da sandar ɗan sanda. Da tattalin arziki ya karye a farkon shekarun 1990, rashin aiki ya haura kashi 16 cikin ɗari a 1994, sai tsohon jigon ya sami sabuwar ma'ana.

Rauni kuwa iri uku ne. Na farko, maimaita jigo har ya zama haddar makaranta: ɗan sanda, gwamnati, kwalba. Na biyu, yadda ake wasa da shaye-shaye. Raha irin ta ƙungiyar Klamydia ta garin Vaasa, wadda aka kafa a 1988, ta jawo jama'a da yawa, amma sau da dama wuya ne a gane ko ana yi wa maye dariya ne ko kirari. Na uku shi ne haɗarin da ke cikin kalmar mu. Amshin da yake haɗa 'yan unguwa yana iya zama katanga ga baƙo. An ga haka a Ingila bayan rikicin Southall na 1981, an kuma ga hare-haren matasa masu aske kai a kan baƙi a garin Joensuu cikin shekarun 1990. Yawancin 'yan pank na Finlan sun tsaya gaba da wariyar launin fata, amma salon amshin shi kansa ba ya zaɓen bakin da zai rera shi.

Akwai abin mamaki guda. An zaci wanda ya yi waƙa da ƙaramin harshe ya rufe wa kansa ƙofar duniya. Sai ga shi fayafayen Rattus da Terveet Kädet da Kaaos sun bi ta gidan waya sun isa Barazil da Japan, har aka sami matasan Japan suna waƙa da Finlanci. Abin da ya ja su shi ne sautin da babu irinsa a wani wuri. Haka kuma a 2015 ƙungiyar Pertti Kurikan Nimipäivät, ta mutum huɗu masu naƙasar fahimta, ta wakilci ƙasar a gasar Eurovision da waƙar Aina mun pitää, mai tsawon minti ɗaya da daƙiƙa 27. Ba ta kai zagayen ƙarshe ba, amma kalmar mun da ke cikin sunanta shaida ce cewa harshen baka ya hau babban dandali.

6.0 KAMMALAWA

An ga cewa Finlanci ya dace da bugun pankin titi ta wajen ƙarfin furuci, ya yi karo da shi ta wajen tsawon kalma da na wasali, kuma sulhun da aka yi ya ɗaukaka harshen baka. An ga kuma iƙirarin zama muryar talaka ya tabbata ne kawai inda mawaƙi ya bar titin Landan ya dubi nasa. Zanen aro ba ya rufe katara sai an sake masa ɗinki. Malaman da suka ɗora Hausa a kan ma'aunan waƙar Larabci tun ƙarni na 19 sun fuskanci irin wannan tambaya ta gaɓa mai nauyi da marar nauyi, matasanmu masu ɗora ta a kan kiɗan zamani su ma ita ce a gabansu. Akwai bukatar masu nazari su auna, waƙa bayan waƙa, inda kiɗan aro yake kiyaye tsawon wasali da karin sautin Hausa da inda yake tauye su. Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Gyara da ƙarin bayani suna hannun mahalarta taro.