Gwanin da Ke Hana Hadari Zuba

Waƙar soyayyar ɗan koyo da wuri take yin ruwa. A baitin farko ya ga yarinya, a na biyu ya yabi ido da wushirya, kafin na huɗu an shafa fatiha. Gwani kuwa a bazara yake ajiye mai sauraro. Zai haɗo hadari daga gabas, iska ta taso har a fara kwashe shanya, sannan ya watsa hadarin ya ci gaba da waƙarsa. Wannan riƙon shi ne aikin, kuma ba kowane mai murya ya iya shi ba.

Abin da ya sa fari ya dace da bege a bakin Bahaushe shi ne kunya. Sha'awa ba a kiran sunanta a gaban surukai, ga shi waƙar nan a gidan biki za a saka ta, gwaggo na zaune, kawu na jin ta daga zaure. To sai mawaƙi ya ce maƙogwaronsa ya bushe, rijiyar ta yi nisa, igiyar guga ta gaza. Amarya ta gane, ango ya gane, gwaggo ma ta gane, amma babu wanda aka ci wa fuska. Ƙishirwa abu ne na jiki, saboda haka waƙar ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma yi batsa ba.

Wanda ya san noma yana da abin da ya fi wannan. A ƙasar Katsina da Maraɗi manomi kan yi binne: ya zuba irin gero cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. In damina ta faɗi da wuri ya riga kowa, in ta yi jinkiri tururuwa da zabi su cinye. Masoyin da ya furta maganarsa bai sami amsa ba, binne ya yi. Ya fitar da abin da ke rumbunsa ya miƙa wa ƙasar da ba ta yi masa alkawari ba. Mawaƙin da ya ɗauko wannan ba ya bukatar cewa yana cikin fargaba, duk wanda ya taɓa riƙe sungumi ya riga ya ji ta. Haka roƙon ruwa, inda gari ke fita fili a yi salla, liman ya juya mayafinsa. Mai bege ya kai nan ke nan ya daina lallashi, ya kai ƙara sama.

Tsarin baiti ma yana taya mawaƙi. A waƙa 'yar ƙwar biyar, ɗango huɗu na farko suna tafiya da ƙaramin amsa-amo da ke sauyawa daga baiti zuwa baiti, na biyar kuma ya dawo da babban amsa-amon da ke riƙe da waƙar gaba ɗaya. Gwani yakan cika huɗun da tsagaggiyar ƙasa, da shanun da suka rame, da ƙura, ya ajiye masoyiya sai a na biyar. Kunne ya san sautin yana tafe, dole ya jira shi. Kafin a gama baiti na goma mai sauraro ya ɗanɗani jira sau goma.

A zangunan Akra, Nima da Maamobi da Alajo, kunnuwa sun daɗe da sanin irin wannan begen. Rubutacciyar waƙar Hausa tsohuwa ce a Gana: Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Salaga sannan Kete Krachi har rasuwarsa a 1934, shi ya yi Waƙar Talauci da Wadata, inda ya nuna rashi ta hanyar yadda mutane ke karɓar matalauci. Ga kuma daren maulidi, inda ake raba dare da Ishiriniya da waƙoƙin begen Manzo. Yaron da ya tashi cikin wannan ya san yadda ake son wanda ido bai gani ba tun kafin waƙoƙin Nura M. Inuwa da Hamisu Breaker su iso wayarsa daga Kano.

Sai dai fari na Akra daban yake, kuma a nan ake gane mai kwaikwayo. Matashin Maamobi bai taɓa binne ba. Abin da ya sani shi ne famfon da za a murɗa ya yi huci babu ko ɗigo, da layin asuba da jarkoki masu ruwan ɗorawa waɗanda ake kira galan ɗin Kufuor, da jiran tanka, da ledar ruwa. In ya ari guga da rijiya daga waƙar Kano, sai ka ji kamar ya sa rigar yayansa. In ya ce ya ajiye jarkarsa a layi tun daren jiya don kada a ƙwace masa wuri, ya faɗi naci da kishi lokaci guda, da kayan unguwarsu. Dattawan zango kuma suna da nasu farin na gaske, na 1983, shekarar da gobarar daji ta cinye gonakin koko, ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, abinci ya yi wuya, ga mutane kusan miliyan da Nijeriya ta koro sun dawo gida hannu rabbana.

Wahalar da ta fi kowace tana jiran mawaƙin Alajo. A Arewa saukar ruwa albarka ce, ana iya rufe waƙa da ita. Shi kuwa a bakin kogin Odaw yake kwana, kuma unguwar ba ta manta daren 3 ga Yunin 2015 ba, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Kwame Nkrumah Circle, mutum fiye da 150 suka rasu. Hadari ya haɗo a nan, uwa katifa take ɗagawa sama. Don haka in ya kira masoyiyarsa ruwa, ya faɗi abu biyu ko yana so ko ba ya so: abin da yake bin layi dominsa, da abin da zai iya shigo masa ɗaki cikin dare. Ni dai a wurina waƙarsa ta fi ta manomi faɗin gaskiya game da sha'awa, ko da yake na san mutanen Katsina ba za su yarda ba.