Rufin Asiri Da Farashinsa: Sharhi A Kan Fim Ɗin Lingui

Sau biyu na kalli fim ɗin Lingui. Na farko ni kaɗai a waya, na biyu kuma a tsakar gidanmu da ke Ambassatna a Njamena, tare da goggona, bayan sallar isha'i. Da fim ya ƙare muka tashi da saɓani. Ita ta ce matan da ke ciki sun yi abin da ya dace daga farko har ƙarshe, ni kuwa na ce rabin aiki suka yi. Daga wannan saɓani sharhin nan ya fito. Wanda bai kalli fim ɗin ba ya yi mini haƙuri, domin sai na taɓo ƙarshen labarin kafin maganata ta tsaya da ƙafarta.

Mahamat-Saleh Haroun ne ya shirya fim ɗin. Haifaffen Abeshe ne a 1961, kuma shi ne ɗan Chadi da ya fi suna a harkar fim, tun lambar yabon da ya samu a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 2010. A wannan biki aka fara nuna Lingui a 2021. Kalmar "lingui" a Larabcin Chadi tana nufin igiyar da ke ɗaure mutane da juna, wadda ba a son a tsinka. Mu a Hausa zumunci za mu ce, ko amana.

Labarin a taƙaice shi ne: Amina, wadda Achouackh Abakar Souleymane ta fito a matsayinta, ta haifi 'yarta Maria ba da aure ba, danginta suka juya mata baya. Tana zaune a gefen Njamena, tana ciyar da kanta da 'yarta da sana'ar murhun gawayi. Maria na da shekara 15 sai aka gano tana da ciki, makaranta ta kore ta. Yarinyar ta ce ba za ta haifa ba, ta kuma ƙi faɗin wanda ya yi mata. Likita ya nemi sefa miliyan ɗaya. Daga nan uwa ta shiga neman mafita ƙofa ƙofa.

Na san masu karatu da yawa za su tsaya cak a kan maganar zubar da ciki, kuma ba na ganin laifinsu. Hukuncin wannan yana wurin malamai. Abin da ya ja hankalina dabam ne: wa ke tsayawa da mutum ranar da kowa ya dare, ta wace hanya, kuma me hakan ke ci?

Ƙarfin fim ɗin yana bayyana tun daga farkonsa. Kafin a ce uffan, muna ganin Amina tana yanka tsohuwar tayar mota, tana zaro wayar da ke ciki, gumi na zuba, sannan ta zauna tana saƙa murhu da ita. Haroun bai yi gaggawa ba, ya bar mu mun ga wahalar aikin da idonmu. Saboda haka da aka ambaci miliyan ɗaya, mai kallo da kansa yake lissafin murhu nawa za a saƙa kafin a tara su. Ba a nuna mana Amina a matsayin abar tausayi mai jiran agaji ba. Mace ce mai sana'a, wadda ta mayar da shara abin sayarwa, irin abin da ƙungiyoyi ke shirya taro a otal suna koyarwa, alhali matan bakin kasuwa sun daɗe suna yin sa.

Taimakon da ya zo mata ma bai fito daga ofis ba. Samarin da suka tsamo Maria daga kogi lokacin da ta nemi halaka kanta ba su san ta ba. 'Yar'uwar Amina, Fanta, ta dawo bayan shekaru na gaba, ta ba da abin hannunta. Wata ungozoma ta karɓe su a ɗakinta. Ita ma Fanta da tata damuwar ta zo: mijinta na so a yi wa ƙaramar 'yarsu kaciya. Matan suka haɗa baki aka yi ta ƙarya, aka yi shagali, maigida ya koma da murnarsa, yarinya kuma ba a taɓa ta ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji masu iya magana, kuma ban taɓa ganin fim ɗin da ya fassara karin maganar nan kamar wannan ba.

A nan Haroun ya gano wani abu da masu aikin sa-kai kan manta. Taimako iri biyu ne. Akwai wanda ake yi a bainar jama'a. A ambaliyar Oktoban 2022, da kogin Shari da na Logon suka cika suka shiga unguwanni irin su Waliya, matasa sun fito suna cika buhuna da ƙasa, masu kwalekwale suna kwashe mutane. Wanda ruwa ya ci gidansa ba ya jin kunyar a gan shi yana karɓar tabarma. Akwai kuma wanda bukatarsa ita kanta abin kunya ce a idon mutane: yarinyar da aka yi wa fyaɗe, matar da miji ke duka, magidancin da ya kwana uku ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Irin waɗannan, in ka zo musu da rajista da mai ɗaukar hoto, ka kore su. Abin da suke nema shi ne rufin asiri, shi ya sa uwar adashi da ungozoma da maƙwabciya suke isa inda mota mai tambari ba ta isa.

To, ina aibin fim ɗin? Na farko, ya sauƙaƙa wa masu taimako. Ungozomar nan ta jefa kanta cikin haɗarin ɗauri, amma 'yan mintoci aka ba ta, ba mu san tsoronta ba, ba mu san abin da ta taɓa asara ba. A kashi na ƙarshe ƙofofi sai buɗewa suke yi daidai lokacin da ake bukata. Duk wadda ta taɓa ɓoye 'yar maƙwabta a ɗakinta ta san abin ba haka yake ba: akwai faɗa da miji, akwai tsegumin unguwa, akwai kuɗin cefane da ke tafiya. Fim ɗin da zai yabi masu sadaukarwa ya kamata ya nuna abin da suka sadaukar.

Na biyu shi ne babba. Daga ƙarshe an gano cewa Brahim, dattijon maƙwabci da ya daɗe yana neman auren Amina, shi ne ya yi wa Maria fyaɗe. Amina ta same shi ta lakaɗa masa duka da sanda. Mai kallo zai ji sanyi a ransa, ni ma na ji. Amma daga nan fa? Ba a kai ƙara ba, unguwa ba ta sani ba, limamin da ke yi wa Amina faɗa a kan sallah bai ji komai ba. Mayafin da ya rufe Maria shi ya rufe Brahim. Haka mijin Fanta: an yaudare shi, ba a sauya masa tunani ba, gobe shi zai ba ƙaninsa shawarar a yi wa tasa 'yar. Fim ɗin ya rufe da guɗa da dariya kamar an ci yaƙi, alhali yara biyu aka tsirar, sauran 'yan matan layin suna nan kusa da mutumin.

Da na faɗi haka, goggo ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, in an tona, wa zai sha kunyar, shi ko ita? Shi zai ci gaba da zama a majalisa, ita ce za a riƙa nunawa da baki."

Na ce, "Gaskiya ne, Goggo. To amma 'yar gidan gaba fa, wa zai gaya wa uwarta ta kula?"

Ta yi shiru, ni ma na yi shiru, don kowaccenmu ta san ɗayar ba ƙarya ta faɗa ba.

Abin da ya sa na riƙe Haroun da wannan laifi shi ne ya san ɗaya hanyar. A 2016 ya fitar da fim na gaskiya a kan waɗanda aka azabtar a mulkin Hissène Habré, daga 1982 zuwa 1990. A ciki muna bin Clément Abaïfouta, tsohon fursuna kuma shugaban ƙungiyarsu, yana shiga gida gida yana zama da su, yana sauraron su. Su ma talakawa ne masu taimakon juna, amma ba su tsaya ga lallashi ba. Sun tara shaida shekara da shekaru, mata daga cikinsu suka tsaya gaban kotu a Dakar suka faɗi abin da aka yi musu da bakinsu, har aka yanke wa Habré ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayu, 2016. Zumunci ne ya riƙe su har suka iya magana. A Lingui zumuncin ya tsaya a bakin ƙofa.

Duk da haka ina ba kowa shawara ya nemi fim ɗin, musamman matasanmu masu kafa ƙungiyoyin taimako a unguwanni. Za su koyi cewa wanda bai iya riƙe sirri ba, mabukaci na gaske ba zai ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Abin da fim ɗin bai koyar ba, sai mu nemo da kanmu: yadda za a rufa wa yarinya asiri ba tare da an rufa wa wanda ya cuce ta ba. Ni da goggo har yau ba mu daidaita a kai ba, amma ta ce in sake kawo fim ɗin ranar da matan adashinsu za su taru.